Haraji da Baitulmali a Kudancin Katsina: Rubutun Malamai da Aikin Jakadu

Tsarin tara dukiyar mulki a ƙasar Katsina ya girmi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma tun ƙarshen ƙarni na 15 malamai ke rubuce-rubuce a kansa. Tambayoyin da suka yi ta juyawa uku ne: me ya halatta sarki ya karɓa daga hannun talakawa, wane ne zai karɓo masa, kuma a kan me za a kashe abin da aka tara. Amsar da ke cikin littattafai daban take da abin da ke faruwa a ƙofar gidan manomi bayan kaka, kuma wannan tazara ta fi fitowa fili a garuruwan da ke nesa da fada. Kudu maso yammacin Katsina, inda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da garuruwa irin su Damari suke, yana cikin irin waɗannan wurare.

Yankin ɓangare ne na abin da ake kira Katsinar Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa. Damina ta fi tsawo a nan. Dawa da auduga da rake da taba da baba duk suna yi, ga fadamu, ga dazuzzukan kiwo. Tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa suna da sarakunansu tun da daɗewa, suna bin Sarkin Katsina amma suna riƙe da ƙasarsu, kuma sunayen biyu daga ciki sun wanzu a sarautun yau: hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwan Katsina, na Sabuwa kuma Kogon Katsina. A zamanin da, a irin wannan wuri ba ƙasar noma ke ƙaranci ba, mutane ne ke ƙaranci. Daji yana ko'ina, wanda ya sare ya sami gona. Don haka arzikin mai sarauta yana ga yawan magidantan da ya iya zaunarwa a ƙarƙashinsa, kuma magidancin da aka matsa wa yana da mafita guda wadda ba a iya toshewa: ya kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa ƙasar Zazzau ko Birnin Gwari ko Zamfara, waɗanda duk suna maƙwabtaka da yankin. Duk wani tsarin haraji da aka yi a nan, sai da aka yi lissafi da wannan.

Kafin jihadi, kuɗin sarauta na shigowa ta ƙofofi da yawa. Magidanta na biyan kuɗin ƙasa, makiyaya na biyan jangali. Masu sana'a, wato maƙera da marina da masaƙa da mahauta, suna biya ta hannun shugabanninsu irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa. Fatake na biyan kuɗin fito a mashigai. Ga ganimar yaƙi da bayi, ga gaisuwar da na ƙasa ke kai wa na sama, ga kuɗin sarauta da mai neman rawani ke bayarwa. A ƙarni na 17 da na 18 birnin Katsina ya kasance babbar kasuwar fataucin Sahara, kuma wani ɓangare na wannan bunƙasa ya samu ne daga kuskuren maƙwabta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi (1623–1648) ne ya fara karɓar jangali a Kano, kuma Sarki Kumbari (1731–1743) ya tsananta haraji a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma, sai Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa kuma suka watsu cikin ƙauyuka.

Rubutu na farko da ya yi tasiri a kan wannan batu a ƙasar Hausa shi ne na Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilmisan, wanda ya zo Kano da Katsina wajen 1492. Ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ɗan littafi mai babi takwas a kan wajiban sarakuna, wanda aka fi sani da Tajuddini, kuma babi biyu na ƙarshe sun tsaya ne a kan dukiya: ɗaya a kan tara ta ta hanyar halal, ɗaya a kan kashe ta inda ya dace. Ya haramta karɓar dukiya a kan naɗin alƙali ko wani mai muƙami, ya haramta rashawa, ya gargaɗi sarki a kan kyautar da talakawa ke kawo masa. A daidai wannan zamani Jalaluddin as-Suyuɗi ya aiko daga Masar da wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan wannan sashe, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim.

Bayan shekara 300 Shehu Usmanu ya ɗauko maganar da zafi. A Kitabul Farƙi, inda ya bambanta mulkin Musulunci da wanda ya tarar, ya jero al'adun sarakunan Hausa da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, tawasa da ake karɓa daga mahauta a kasuwa, kamuwar dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, cinye gādon mamaci, da tarar wanda bai fita yaƙi ba. A madadinsu ya kawo hanyoyi bakwai da fiƙihu ya yarda baitulmali ya samu dukiya ta cikinsu: humusin ganima, ushiri, jiziya, harajin ƙasa, dukiyar da aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, gādon da ba shi da magaji, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Ya kuma ce mulki na tsayawa a kan mataimaka huɗu, waziri da alƙali da mai tsaron doka da mai karɓar haraji, na ƙarshen nan da sharaɗin ya cika aikinsa ba tare da zaluntar talakawa ba. Ƙaninsa Abdullahi ya faɗaɗa wannan a Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano wajen 1807 bisa roƙon mutanen garin, a lokacin da shi kansa ya bar rundunar jihadi saboda ganin yadda son dukiya da muƙami ya fara shiga jama'a.

Littafin da ya shafi Katsina kai tsaye shi ne Usulus Siyasa na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi (1807–1835), da ya nemi a yi masa bayanin yadda ake riƙe mulki. Bello ya shimfiɗa asali bakwai. Yawancinsu a kan halin shugaba ne da na muƙarrabansa da na talakawa, amma akwai guda da ya fita daban, domin a cikinsa Bello ya bar zancen abin da sarki zai karɓa ya koma kan abin da zai gina. Ya ɗora wa sarki nauyin kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da 'yan koli da mahauta da masassaƙa, ya ce a rarraba su ta yadda kowane gari zai sami nasa. Ya umarci sarki ya kwaɗaitar da mutane neman abinci da adana shi, ya raya ƙauyuka, ya gina ganuwa da gadoji, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. A ƙasar da yaƙi ya watsa mutanenta, wannan ita ce shawarar da ta fi amfani, domin baitulmali ba ya cika daga kufai. Bello da kansa ya bi wannan hanya a Sakkwato, inda ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, ya zaunar da makiyaya da masu sana'a a cikinsu.

Wannan tunani yana da takwara a tsohuwar Indiya. Littafin Artashastra, wanda ake jingina wa Kautiliya, wazirin Sarki Candragupta Mauriya da ya hau mulki wajen shekara ta 321 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne mafi girman rubutu a kan tattalin dukiyar mulki a harshen Sanskirit, ko da yake masana da yawa na ganin an kammala haɗa shi ne ƙarnuka bayan wancan zamani. Ya ɓace wa masu karatu tsawon lokaci, sai a 1905 wani malamin ɗakin karatu a Maisur mai suna Shamasastri ya gano kwafinsa, ya buga shi a 1909. Littafin ya ce daula na da gaɓoɓi bakwai: sarki, wazirai, karkara da mutanenta, birni mai ganuwa, baitulmali, runduna, da abokin ƙawance. Rabon sarki a amfanin gona kashi ɗaya ne cikin shida. Kamar Bello, ya damu ƙwarai da zaunar da mutane: ya tsara a kafa sababbin ƙauyuka masu gida 100 zuwa 500, a yi wa masu sarar daji rangwamen haraji, a ba su iri da dabbobi, a kuma ajiye rabin abin da ke rumbun sarki saboda shekarar yunwa. Malaman Sakkwato sun ɗebo nasu ilimin ne daga fiƙihun Malikiyya da littattafan Larabci irin na al-Mawardi da aɗ-Ɗurɗushi, amma hikimar sarauta ta Indiya ta daɗe da shiga Larabci ta wata ƙofa, wato Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara daga Farisanci a tsakiyar ƙarni na 8.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne wajen ma'aikata. Kautiliya bai yarda da amanar kowa ba. Ya lissafa hanyoyi 40 da ma'aikaci ke bi ya saci dukiyar sarki, ya raba aikin mai tarawa da na mai ajiya, ya sa kowane shugaban sashe ya kawo littafin lissafinsa a bincika a ƙarshen shekara, ya baza 'yan leƙen asiri a bayansu. Ya kuma yanka wa kowa albashi, daga kuɗinsu na fana 48,000 na manyan fada har zuwa 60 na ƙananan barori. Malaman jihadi sun dogara ne ga zaɓen mutum mai tsoron Allah da sa idon sarki a kansa, kuma tsarin da suka gada bai san albashi ba. Mai sarauta yana ci ne daga abin da ya karɓo.

Ga yadda abin ke tafiya a ƙarni na 19. Manyan masu sarauta da yawa na zaune a birni kusa da sarki, garuruwan da aka ba su kuma a warwatse suke, wannan a gabas, wancan a kudu. Tsakanin mai sarauta da garinsa akwai jakada, sau da yawa bawa ko bara, wanda ke kai saƙo ya kuma karɓo haraji. Mai unguwa ya tara daga magidanta ya cire nasa, dagaci ya cire nasa, jakada ya cire, uban ɗakinsa ya cire, abin da ya rage ya isa ga Ma'aji, daga nan kuma sarki ya fitar da gaisuwar Sakkwato ta tufafi da dawaki da bayi da wuri. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, ta shiga tsarin sosai bayan jihadi, kuma galibi a rumbunan garin ake barin ta saboda baƙi da mayaƙa da mabukata. Amma tsofaffin harajin ba su mutu ba. Kuɗin ƙasa ya ci gaba, jangali ya ci gaba, ga kuɗin karofi a kan marina, ga kuɗin shuka da kuɗin rafi a kan amfanin da ba hatsi ba, irin su rake da taba da albasa, wanda ya fi shafar masu fadama kamar mutanen kudu.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 zamanin wani Muhammadu Bellon, Sarkin Katsina (1844–1869), ya bar alƙaluma. Ya ce kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kimanin darajar riyal ɗaya na azurfa, kuma jimillar kuɗin ƙasar lardin na tsakanin wuri miliyan 20 da miliyan 30, ban da wuri 500 a kan kowane bawa. A Kano, in ji shi, ana karɓar wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, a Zazzau kuma lissafin a kan fartanya ake yin sa, wuri 500 kowace ɗaya. Idan aka raba jimillar Katsina da 2,500 za a sami magidanta 8,000 zuwa 12,000 ke nan, adadin da ya yi kaɗan ga ƙasa mai wannan faɗi. Dalilan ba su da wuyar ganewa: gidan gandu guda na iya ɗauke da mutane masu yawa a ƙarƙashin magidanci ɗaya, malamai da masu sarauta da wasu zuriyoyi ba sa biya, sannan abin da ya maƙale a hannuwan da ke tsakani ba ya shiga lissafin birni. Shi kansa wurin kaya ne mai nauyi. Ana ɗura 20,000 a keso guda, raƙumi kuma na ɗaukar kimanin 100,000, wato kuɗin ƙasar Katsina na shekara kayan raƙuma 200 zuwa 300 ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa a fi son kashe haraji kusa da inda aka tara shi, ko a mayar da shi riguna da dawaki da bayi kafin a kama hanya.

Ga kuma yaƙi. Zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi ba su daina kai hari ba tsawon ƙarnin, musamman zamanin Ɗan Baskore, daga baya kuma Ƙaura Hasau, kuma mahayansu kan bi ta dazuzzukan yamma su gangaro kudu har ƙasar Zazzau. Garin da ba shi da ganuwa ba ya daɗewa. A irin wannan hali talaka na auna harajinsa da kariyar da yake samu, kuma aikin gayya na gyaran ganuwa da haƙa gwalalo wani nau'in haraji ne da ake biya da ƙarfi. Masu sarautar bakin iyaka kan sassauta wa baƙin da suka zo sarar daji na wasu shekaru, domin kowane sabon gida ƙarin baka ne a kan ganuwa kafin ya zama ƙarin kuɗi.

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903 ba tare da yaƙi ba. Shugabansu Lugard ya ga cewa mulkinsa ba zai tsaya ba sai da harajin sarakuna, sai ya mayar da shi haƙƙin gwamnati, ya ba su kaso. Dokar 1906 ta dunƙule ɗimbin harajin nan zuwa biyu, haraji da jangali. Aka kori jakadu, aka haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka suka zama gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su koma cikin gundumominsu. Bayan tuɓe Sarki Abubakar da Sarki Yero, aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906, kuma a farkon mulkinsa ne shi da jami'in Turawa H. R. Palmer suka fara abin da ya zama abin koyi ga Arewa duka: kason sarki, wanda ya kai rabin abin da aka tara, ya daina zama dukiyar aljihunsa, ya koma Baitulmali mai littafi da kasafin shekara, inda ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi. Zuwa 1911 an yaɗa tsarin zuwa sauran masarautu. Da wannan kuɗi hukumar sarki, wato En'e, ta riƙa gina hanyoyi da makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Albashi da binciken lissafi sun zo ke nan, amma ba su hana dagaci ƙara wani abu a kan abin da ke rubuce ba, kuma sun sa hakimi ya fi tsoron Di'on Turawa fiye da ƙaurar talakawansa.

Babban sauyi ga manomin kudu shi ne cewa haraji ya zama na tsabar kuɗin Ingila, a kan kowane baligi namiji, kuma ba ya raguwa da sauƙi don damina ta yi gardama. Dole a nemi abin sayarwa. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya yaɗa irin audugar Amurka, ya kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogo daga Zariya ya ratsa ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma buɗe gonar yaɗa irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Lokacin karɓar haraji ya zo daidai da buɗe fuloti, sai manomi ya kai audugarsa a auna, ya karɓi kuɗi, ya miƙa wa mai unguwa, ya karɓi takarda. Wanda bai da auduga ya sayar da hatsi da araha a kaka ya saye shi da tsada a bazara, ko ya tafi cin rani, wasu har haƙar kuza a Jos. Makiyaya kuwa sukan kutsa da shanunsu cikin daji da damina, lokacin ƙidayar jangali.

Ƙorafin haraji da jangali ya zama jigon siyasar jam'iyyar NEPU tun kafa ta a 1950, magajiyarta PRP kuma ta cika alkawarin a 1979, lokacin da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Kafin nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya raba sarakuna da baitulmali. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran na ƙasar, sun dogara ne ga kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda kaso mai yawa daga cikinsa kuɗin man fetur ne. Abin da suke tarawa a gida galibi bai wuce kuɗin rumfunan kasuwa da na kara da na tasha ba. A shekarun baya-bayan nan kuma, a ƙauyuka da dama na waɗannan ƙananan hukumomi uku da ke bakin daji, 'yan bindiga ne ke yanka wa mutane kuɗin da za su biya kafin a bar su su yi shuka ko su kwashe amfanin gona.